Ƙungiyar The Clash (1976-1986): waƙar bore a hannun ƴan kasuwa

Tambayar da muke son dubawa a nan ita ce: ina waƙar bore take kwana in ta shiga kasuwa? Mun ɗauki misalin The Clash, ƙungiyar makaɗan punk da aka kafa a Landan cikin 1976, shekarar da Ingila ta nemi rance wurin Asusun Lamuni na Duniya, marasa aiki kuma sun haura miliyan ɗaya.

A watan Agusta na wannan shekara, Joe Strummer da Paul Simonon suka ga tarzomar Notting Hill da idonsu, inda matasa baƙar fata, galibi ƴan asalin Karayib, suka yi arangama da ƴan sanda. Daga nan waƙar White Riot ta fito. Wasu sun ɗauke ta kirarin wariyar launi, alhali kira ne ga talaka farar fata da ya yi koyi da maƙwabcinsa. Wannan rashin fahimta, a ganinmu, shi ne somin-taɓi. Ƙungiyar dai ta nuna ɓangarenta: ta sa regen Junior Murvin cikin faifanta na farko (1977), ta kuma yi wasa a gangamin Rock Against Racism na Afrilun 1978.

Amma tun Janairun 1977 ta sa hannu da kamfanin CBS kan fam dubu 100, abin da wasu magoya baya suka kira cin amana. Mu ba mu tafi can ba. Bayan London Calling (1979), ta matsa aka sayar da Sandinista! (1980), faifai uku, da araha, ta yafe wani kaso na haƙƙinta. Gardamarta da kamfani gaskiya ce, sai dai iyakarta farashi.

Abin da ta kasa riƙewa shi ne ma'ana. An sallami Topper Headon a 1982, Mick Jones a 1983, ƙungiyar ta watse a 1986. A 1991 tallar wandon Levi's ta kai Should I Stay or Should I Go matsayi na ɗaya a Ingila. Lokacin yaƙin Tekun Fasha kuma Rock the Casbah ta zama abin nishaɗin sojan Amurka, daga ƙungiyar da ta sha sukar siyasar Amurka.

Strummer ya rasu a Disambar 2002. A 2004 Rachid Taha, ɗan Aljeriya mazaunin Faransa, ya sake rera waƙar da Larabci, daga baya kuma Mick Jones ya hau dandamali ya kaɗa ta tare da shi.