Yadda kwamfuta ke gane shafin da aka sauya a ƙwaƙwalwarta

A shagunan buga takardu da ke bakin titin Sakkwato, daura da Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, akwai wani ƙorafi da kusan kowane ɗalibin ajin ƙarshe ya taɓa ji: an gyara babi guda na kundin bincike, an danna maɓallin adanawa, sai aka ɗauke wuta, da janareta ya tashi kuma aka tarar gyaran ya ɓace.

Haka nan a cikin Sabon Gari, inda masu tura waƙoƙi da finafinai kan zare filash da zarar kwamfuta ta nuna an gama, daga baya mai kaya ya dawo yana cewa fayil ya ƙi buɗewa.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan cutar bairos ko rashin ingancin filash. To sai dai a lokuta da dama asalin abin yana cikin wata dabara ce da aka gina kwamfutoci a kanta fiye da shekaru hamsin, wato jinkirta rubutu a faifai, tare da bin diddigin abin da ba a kai ga rubutawa ba.

Allo da kundi

Kowace kwamfuta tana da ma'ajiya iri biyu. Akwai ta wucin gadi, wadda aka fi sani da RAM, mai saurin gaske amma da zarar wuta ta yanke komai na cikinta ya goge. Akwai kuma ta dindindin, wato faifan ajiya ko filash ko memori, wadda ke riƙe bayanai ko babu wuta, sai dai tafiyar hawainiya take yi idan aka gwada ta da ta farko.

Mai sasanta tsakanin biyun shi ne jigon babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, kamar Windows ko Linux, wanda shi ne ɓangaren da ke hulɗa kai tsaye da ƙarafan kwamfuta. Jigon yakan yanka ma'ajiyar wucin gadi gunduwa-gunduwa daidai wa daida, kowace gunduwa ana kiranta shafi. A yawancin kwamfutoci shafi guda yana ɗaukar bayit 4,096, ke nan na'ura mai RAM na gigabayit 4 tana da shafuka 1,048,576.

Aikin ya yi kama da na ɗan kasuwar da ke rubuta cinikinsa a guntayen takardu yayin da masu saye suka yi yawa, sai an sami sarari ya kwashe su zuwa babban littafin lissafi. Hakan yana sa ciniki ya yi sauri, amma wajibi ne ya san takardar da ya riga ya shigar da wadda bai shigar ba. Idan gobara ta tashi kafin ya kwashe, lissafin ya tafi.

A kwamfuta, shafin da aka sauya wani abu a cikinsa amma ba a kai sauyin faifai ba, masana suna kiransa shafi mai datti. Wanda ya yi daidai da abin da ke faifai kuma shi ne mai tsabta. Idan wuri ya ƙure, jigon zai iya zubar da shafi mai tsabta nan take tun da akwai kwafinsa, amma mai datti sai an rubuta shi tukuna.

Tarihin dabarar

Tsarin raba ma'ajiya zuwa shafuka ya samo asali ne daga na'urar Atlas, wadda Tom Kilburn da abokan aikinsa suka ƙera a Jami'ar Manchester ta Ingila, aka kuma ƙaddamar da ita a watan Disamba na shekara ta 1962, watanni biyu bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a ranar 4 ga watan Oktoba na wannan shekara.

Dabarar ta bazu a ƙananan kwamfutoci ne bayan da kamfanin Intel ya fito da furosesa mai lamba 80386 a shekara ta 1985. Daga wannan zuri'a ne mafi yawan kwamfutocin tebur da na hannu da ake aiki da su a ofisoshi da shagunan Zariya suka fito.

Yadda ake sa alama

Jigon manhaja yana riƙe da wani jadawali da ke bayanin inda kowane shafi yake. A furosesocin Intel da AMD, kowane layi na jadawalin yana da wani ɗan ɗigo guda, wanda ko dai sifiri ne ko ɗaya. Da zarar wata manhaja ta yi rubutu a cikin shafi, furosesa da kanta take mayar da ɗigon zuwa ɗaya. Ba ta kuma mayar da shi sifiri, wannan aikin jigon ne bayan ya kai shafin faifai.

Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ake bi a inda furosesa ba ta da irin wannan ɗigo, kamar tsofaffin furosesocin ARM na wayoyin salula. A nan jigon yakan ɗana tarko ne: ya kulle shafin a matsayin na karatu kawai. Duk manhajar da ta yi yunƙurin rubutu, furosesa za ta dakatar da ita ta kai ƙara ga jigon, shi kuma ya rubuta cewa shafin ya yi datti, ya buɗe shi, aiki ya ci gaba ba tare da mai na'urar ya lura ba.

Idan kuwa manhaja ta miƙa wa jigon bayanai ne kai tsaye ta ce ya adana mata a fayil, to shi da kansa yake kwafe su a shafi ya sa alamar. Daga nan sai ya amsa mata cewa an karɓa, alhali kuwa faifai bai ga komai ba tukuna.

Daƙiƙa talatin

Da yake a bayyane ake rubuta manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a birnin Helsinki a shekara ta 1991, ana iya ganin ƙa'idojinta ƙarara. Bisa saitin da take zuwa da shi, masu kwashe shafuka zuwa faifai suna farkawa duk bayan daƙiƙa 5, su rubuta duk wanda ya kai daƙiƙa 30 da datti. Wannan adadi na daƙiƙa 30 gado ne daga tsohuwar manhajar Unix ta shekarun 1970.

Bugu da ƙari, idan shafuka masu datti suka kai kashi 10 cikin ɗari na ma'ajiyar da ake iya amfani da ita, ana fara kwashewa ba tare da jiran lokaci ba. Idan suka kai kashi 20 cikin ɗari, sai a taka wa manhajar da ke rubutun birki har faifai ya kamo ta.

Wannan ne ya sa kwafin fim zuwa filash kan fara da gudu, sannan ya yi kamar ya tsaya. Alal misali, idan megabayit 300 suka taru a ma'ajiyar wucin gadi, filash ɗin kuma yana karɓar megabayit 5 ne a daƙiƙa, to akwai sauran minti guda cur na aiki. Wayoyin Android ma jigon Linux ne a cikinsu.

Manhaja tana da damar tilasta wa jigon ya rubuta fayil nan take kuma ya jira tabbaci daga faifai. Manhajojin bankuna da na rumbunan bayanai sun dogara ne a kan wannan umarni, amma ba kowace manhaja ce take bayar da shi ba.

Inda aka taɓa yin tuntuɓe

Kuskure kaɗan a wannan lissafi yana iya jawo babbar asara. A ƙarshen shekara ta 2006, an shigar da wani sabon tsari na Peter Zijlstra a Linux mai lamba 2.6.19, domin ƙidaya shafuka masu datti daidai. Sauyin ya bankaɗo wani tsohon kuskure da ke sa alamar datti ta ɓace, jigon ya ɗauka an rubuta shafi alhali ba a rubuta ba. Masu sauke manyan fayiloli daga intanet suka fara ganin sun lalace, har sai da Mr Torvalds ya gano bakin zaren a ƙarshen watan Disamba.

A shekara ta 2009 kuma, masu gwajin sabon tsarin fayiloli na ext4 suka riƙa tarar da fayilolinsu wayam bayan na'ura ta mutu ba zato, saboda an rubuta sunan fayil kafin abin da ke cikinsa. Theodore Ts'o ya yi gyaran da ya shiga Linux 2.6.30 a wannan shekara.

Sai kuma shekara ta 2018, lokacin da masu kula da rumbun bayanai na PostgreSQL suka gano cewa idan faifai ya gaza karɓar rubutu, Linux na iya mayar da shafin mai tsabta, ta yadda yunƙuri na biyu zai nuna komai lafiya.

Amfaninsa a manyan cibiyoyi

Bin diddigin shafuka yana da wani amfanin ban da adana fayil. A manyan ɗakunan adana bayanai ana iya ɗauke kwamfutar da ke cikin aiki daga wata na'ura zuwa wata ba tare da an kashe ta ba. Ana kwafe duk shafukanta, sannan a sake aika waɗanda suka yi datti a lokacin kwafin, a yi ta maimaitawa har su rage kaɗan, sai a dakatar da ita na ɗan ƙiftawar ido a ƙarasa. Masu binciken manhajar Xen a Jami'ar Cambridge sun bayyana wannan hanya a shekara ta 2005.

Abin da ya shafi Zariya

An zaɓi jinkirin daƙiƙa 30 ne a wuraren da yankewar wuta abu ne na nadiri. A Zariya kuwa, tun daga zamanin NEPA, zuwa PHCN da ta gaje ta a shekara ta 2005, har zuwa kamfanonin rarraba wuta da suka karɓi aikin a shekara ta 2013, ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ce. Duk kwamfutar tebur da ba ta da batir, shafukanta masu datti suna tafiya ne tare da wutar.

Saboda haka babban aikin na'urar UPS a shagon buga takardu shi ne ba jigon manhaja 'yan mintocin da zai kwashe shafukan kafin a kashe kwamfuta yadda ya kamata. Kwamfutar hannu mai batir mai kyau tana da wannan kariya a jikinta.

Shi ma umarnin fitar da filash kafin a zare shi, ma'anarsa ita ce a rubuta duk shafin da ya rage sannan a ba da izini. A shekara ta 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa daga Windows 10 mai lamba 1809, an daina jinkirta rubutu ga filash da makamantansa sai idan mai na'ura ne ya zaɓi hakan. Duk da haka, zare shi a tsakiyar kwafi yana lalata fayil, ko da wace manhaja ake aiki.

Abin da aka buga amma ba a danna maɓallin adanawa ba kuwa, jigon bai ma san fayil ɗin da zai kai shi ba. Nauyinsa yana kan mai bugawa ne, da kuma tsarin adanawa kai tsaye idan manhajar tana da shi.