Wutar Bakolori

Na tashi a Bakura ina jin dattawa suna ƙirga shekaru da "kafin dam" da "bayan dam". Madatsar Bakolori suke nufi, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a kan Gulbin Sakkwato, cikin ƙasar Maradun, a 1978. Ruwanta ya cinye gonaki da ƙauyuka, kuma a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyya.

An yi wa jama'a alkawarin noman rani da lantarki. Aka kafa injina masu ƙarfin megawat 3, aka shimfiɗa bututun feshi waɗanda famfunan lantarki ke tura wa ruwa. Da injinan suka tsaya, feshi ya tsaya. A ganina, mun karɓi ƙarfe ne, ba mu karɓi ilimin sarrafa shi ba.

A 1992 aka kafa kwalejin fasaha a Talata Mafara, mai ɗauke da sunan Injiniya Abdu Gusau. Can na fara karatun lantarki kafin jami'a. Burina in ga ranar da 'ya'yan manoman nan za su tayar da injinan da hannunsu.