Daga Mozilla zuwa Shiretoko: laƙabobin burauza da rigimar ƙa'idojin intanet

A watan Afrilun 1994 Jim Clark da Marc Andreessen suka kafa kamfani a jihar Kalifoniya ta Amurka, da nufin ƙera manhajar shiga intanet da za ta ture Mosaic, wadda ita ce ke tashe a lokacin. Tun aikin bai kai ko'ina ba, wani injiniyansu, Jamie Zawinski, ya laƙaba mata Mozilla, wato dodon da zai cinye Mosaic. Da ta fito kasuwa a Disambar shekarar, sunan da aka buga mata shi ne Netscape Navigator. Laƙabin kuwa bai mutu ba. Kamar dai yaron da aka yanka wa rago da Abubakar amma har ya yi furfura ba a san shi da komai ba sai Ɗanladi, haka Mozilla ta bi Netscape har ta binne ta.

Inda laƙabin ya maƙale shi ne a ɗan layin rubutun da kowace burauza ke aika wa shafi don ta gabatar da kanta. Netscape kan ce ita ce Mozilla. Masu gina shafuka suka shiga duba wannan kalma: in sun gan ta, su aiko da shafi mai ado da tsari, in babu, su aiko da gaya. Da Microsoft ta fito da Internet Explorer a 1995 (laƙabinta O'Hare, sunan filin jirgin saman Chicago, domin Chicago ake kiran Windows 95 kafin ta fito), ba da daɗewa ba ita ma ta fara cewa ita Mozilla ce, don kada a riƙa ba ta ragowa. Har yau Chrome da Safari da Edge duk da "Mozilla/5.0" suke fara gabatar da kansu. Wayar da ke aljihunka ma haka take yi.

Wannan ɗabi'a ta tambayar burauza "wace ce ke?" maimakon "me kika iya?" ita ce tushen ɓarnar da aka kwashe shekaru ana gyarawa. Tim Berners-Lee ya kafa W3C a 1994 don rubuta ƙa'idojin da kowa zai bi, an kuma fitar da CSS ta farko, mai kula da launi da tsarin shafi, a Disambar 1996. Amma kamfanonin biyu, Netscape da Microsoft, kowa gabansa yake ci, yana ƙirƙiro nasa salon. Mai gina shafi sai ya yi aiki biyu, ko ya manna sanarwa cewa shafinsa ya fi kyau a burauza kaza.

A 1998 haƙuri ya ƙare. Jeffrey Zeldman da Glenn Davis da George Olsen suka kafa ƙungiyar Web Standards Project, wadda ake taƙaitawa WaSP. A ranar 31 ga Maris na shekarar Netscape ta riga ta saki rubutun manhajarta ga jama'a, kuma tana riƙe da injuna biyu na jera abubuwa a shafi. Akwai tsohon da ake yi wa kwaskwarima da laƙabin Mariner, akwai sabon da aka fara kira Raptor, aka sauya masa zuwa NGLayout saboda matsalar mallakar suna, daga baya ya zama Gecko. WaSP ta tara sa hannun mutane tana neman a ɗauki sabon, domin shi aka gina bisa ƙa'ida. A watan Oktoba Netscape ta jingine Mariner. Hukuncin daidai ne, amma ta biya shi da tsada: Netscape 5 ba ta taɓa fitowa ba, Netscape 6 kuma sai Nuwambar 2000 ta iso, da nauyi da yawan tuntuɓe, a lokacin Internet Explorer ta riga ta mamaye kasuwa.

Daga wannan kangon Firefox ta tsiro, ita ma bayan ta sha wahalar suna. A 2002 Phoenix take, wani kamfani mai wannan suna ya yi ƙorafi. Ta koma Firebird, masu wata manhajar adana bayanai suka ce nasu ne. Sai a Fabrairun 2004 ta zauna a kan Firefox, aka kuma saki 1.0 ranar 9 ga Nuwamba.

Bayan nan ne laƙabi ya zama tsari. Mozilla, ƙungiyar da ke ƙera Firefox, ta lura cewa duk abin da aka rubuta wa Firefox, mutane za su sauke shi ko da ɗanye ne, in ya lalace kuma su zagi Firefox. Don haka ta riƙa cire suna da tambarin dilar daga samfuran gwaji, ta sa musu ƙwallon duniya shuɗi da baƙon suna. Wadda ta zama 1.5 ita ce Deer Park. Daga nan aka koma wuraren shaƙatawa da gandun daji: Bon Echo na lardin Ontariyo a Kanada ga 2.0, Gran Paradiso na Italiya ga 3.0, Shiretoko na tsibirin Hokkaido a Japan ga 3.5, Namoroka na Madagaska ga 3.6, Tumucumaque na Barazil ga 4.0. Samfurin da ake haɗawa kowane dare kuwa Minefield aka sa masa, filin nakiyoyi, kuma a ganina ba a taɓa yi wa manhaja suna mai gaskiya kamar wannan ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda laƙabobin suka tona asirin shafuka. Shafin da aka gina bisa ƙa'ida bai damu da sunan mai buɗe shi ba. Wanda kuwa aka rubuta masa "in ka ga kalmar Firefox, yi kaza", da ya ga Shiretoko ko Minefield sai ya rikice, wani ma ya ce wa mai ziyara ya je ya sabunta burauzarsa, alhali yana riƙe da wadda ta fi kowace sabunta. Burauzar Opera ta gamu da irin wannan a 2009. Wasu shafuka lambar farko kaɗai suke karantawa, sai suka ɗauki Opera 10 a matsayin Opera 1. Dole kamfanin na ƙasar Norwe ya sa ta riƙa cewa ita 9.80 ce, ya tura lambar gaskiya can ƙarshen layi.

A waɗannan samfuran gwaji ne aka yi tseren bin ƙa'ida. A Afrilun 2005 WaSP ta fitar da Acid2, shafin jarrabawa da Ian Hickson ya rubuta bisa shawarar Håkon Wium Lie na Opera. Burauzar da ta bi ƙa'ida za ta nuna fuska mai murmushi. Wadda ba ta bi ba, sai fuskar ta tarwatse. Safari ta Apple, wadda aka yi renonta a ɓoye da laƙabin Alexander kafin a bayyana ta a Janairun 2003, ita ta fara ci cikin waɗanda aka saki ga jama'a, a Oktoban 2005. Opera 9, mai laƙabin Merlin, ta biyo baya a Yunin 2006. Bon Echo ta fito ba ta ci ba. Sai da aka sake fasalin yadda Gecko ke jera abubuwa a shafi, a zamanin Gran Paradiso, sannan murmushin ya bayyana, masu gwaji kuma sun gan shi fiye da shekara ɗaya kafin Firefox 3 ta fito ranar 17 ga Yunin 2008, aka sauke ta sama da sau miliyan 8 cikin awa 24. Internet Explorer sai a fitowa ta 8, a Maris 2009.

Acid3 ta 2008 maki take bayarwa bisa 100. Firefox 3 ta samu 71, Shiretoko ta kai 93. Shiretoko ce kuma ta kawo wa Firefox kunna bidiyo da sauti kai tsaye ba tare da manhajar Flash ba, da damar shafi ya zo da nasa salon haruffa, abin da ke da amfani ga duk mai buga rubutu da ƙ da ɗ da ɓ.

Chrome ce ta kawo ƙarshen wannan al'ada, ita da sunanta ma laƙabin cikin gida ne da aka bari ya zauna. Google ta fito da ita a Satumbar 2008, ta kuma zo da saurin saki da ya sa raɗa wa kowace fitowa suna ya zama ɓata lokaci. A 2011 Mozilla ta koma sakin sabuwar Firefox duk mako 6, ta maye gurbin gandun daji da matakai: Nightly, Aurora, Beta. Microsoft ce ta ci gaba da ɗan taɓawa. Spartan ta zama Edge a 2015, Anaheim kuma ta zama sabuwar Edge da aka ɗora kan injin Chromium, ta fito ranar 15 ga Janairun 2020. Don kada shafuka su ɗauke ta a matsayin tsohuwar, injiniyoyin suka cire harafi ɗaya daga sunan da take gabatar da kanta da shi, take cewa "Edg".