Zaman Ɗalibta a Ƙasar Tambuwal Tun Daga Zamanin Buhari

Wanda ya fita daga birnin Sakkwato ya kama hanyar Jega, ya ratsa Boɗinga, ya bar Sifawa inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa daga 1810 zuwa 1815, ya wuce Shagari da Dogondaji, to zai iske kansa a Tambuwal, garin da aka fi saninsa da sarauta da siyasa, alhali kuwa tushen girmansa na ilimi ne da ribaɗi. A shekarar 1812, lokacin da Shehu ya raba kula da ƙasashe tsakanin manyan jama'arsa, ɗansa Muhammadu Buhari yana cikin waɗanda aka danƙa wa sashen kudu, kuma Tambuwal ta zama mazauninsa da na zuriyarsa har yau. Buhari mayaƙi ne, amma kuma malami ne mawaƙi wanda ya yi karatu ga mahaifinsa da baffansa Abdullahi. Ga Gwandu kuwa, inda Malam Abdullahi ya zauna yana wallafa har rasuwarsa a 1829, tana nan kusa. Garin da ya tashi kusa da waɗannan cibiyoyi biyu, Sakkwato da Gwandu, ba zai rasa zaurukan karatu ba, kuma ƙauyukan da ke kewaye da shi, har zuwa Kebbe can wajen iyakar ƙasar Gumi, ba su rasa samarin da ke ɗaukar gafaka su nufo shi ba.

Ɗalibin da nake nufi a nan shi ne wanda ya riga ya sauke Alƙur'ani, ya wanke allonsa ya rataye, sa'an nan ya shiga littattafai. Sau da yawa magidanci ne mai gemu, wani ma yana da nasa almajiran da ke jiransa a gida. Mun san abin da irinsa ke karantawa a wannan ƙasa domin Malam Abdullahi da kansa ya lissafa mana a cikin Ida'un Nusukhi, littafin da ya rubuta a 1812 yana ambaton malaman da ya ɗauki ilimi gare su, da abin da ya ɗauka ga kowannensu. Ya faɗa cewa yana da shekara 13 mahaifinsa ya miƙa shi ga wansa Shehu, ya karanta masa Ishiriniya da waƙoƙin mawaƙan nan shida na Jahiliyya, da Ajrumiyya a nahawu, da Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu, kana ya bi wasu malamai ɗaya bayan ɗaya, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Abin mamaki shi ne jerin nan bai sāke sosai ba cikin shekara fiye da 200: wanda ya shiga zauren malamin fiƙihu a Tambuwal yau zai ji ana jan Ahalari da Iziyya da Risala da Askari, mai dogon buri kuma yana hangen Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda taƙaicinsa ya sa ba a fahimtarsa sai da sharhi da malami gwani.

Ga yadda safiya take a irin wannan zaure. Bayan sallar asuba da wuridi, idan gari ya waye har ana iya ganin baƙi, malam ya fito ya zauna bisa buzunsa, littattafansa a gefe, ɗalibai su kewaye shi kowa da nasa littafin, domin ba a tara su aji ɗaya: wannan yana babin tsarki a Ishmawi, na kusa da shi yana babin ciniki a Risala, wancan dattijon na can kusa da ƙofa yana Alfiyyar Ibnu Malik. Wanda layi ya zo kansa ya matso ya durƙusa, ya ce, "Allah shi gafarta malam," ya buɗe takardarsa ya ja baƙi kalma biyu ko uku, ya tsaya; malam ya fassara da Hausa, ko da Fulatanci idan zauren na Fulani ne, ɗalibin ya ce "na'am," ya sake ja. In ya karya i'irabi, malam ya maimaita kalmar daidai ba tare da ya ɗaga kai ba, kunyar wannan kaɗai ta ishe shi horo. Da an yi layi biyar ko goma malam ya rufe da addu'a, wani ya matso. Amma wanda ya gama ba ya tashi, kuma a nan hikimar tsarin take a ganina: mai Ishmawi yana zaune yana sauraron darasin mai Risala da na mai Muhtasar kowace safiya, saboda haka ran da ya kai ga waɗannan littattafai ya riga ya ji su sau da yawa, kunnensa ya saba da mas'alolinsu tun kafin idonsa ya ga baƙinsu.

Da hantsi ya yi, sai neman abin kai wa baka. Babu wani baitulmali da ke biyan ɗalibi kuɗin zama. Abin da ke akwai shi ne ɗaki a gidan malam ko gidan wani attajiri mai son lada, da ƙwaryar tuwo da dare, da fura da rana in an samu. Sauran kuwa hannunsa ne zai ba shi. Ɗinkin hula da aikin wuyan riga su ne sana'ar ɗalibai tun dā, domin ana yinsu a zaune a inuwa, baki yana bitar darasi allura tana tafiya. Wasu su yi rubutun sha, wasu su karantar da yaran unguwa. Da damina kuwa karatu ya ragu, a tafi gonar malam a yi masa noma ran da ya sa, sa'an nan kowa ya kula da tasa gayauna. Waɗanda suka zo daga nesa su koma garuruwansu, sai an yi kaka an kai gero rumbu su dawo. Saboda haka shekarar karatu ta bi shekarar noma, rani ne lokacin tafiye-tafiye, mutum ya ji labarin wani malamin nahawu a Gwandu ko mai hadisi a Sakkwato, ya nemi izinin malaminsa ya tafi ya zauna wata uku ko shekara uku, gwargwadon littafin da ya kai shi.

Babban aikin ɗalibi na hannu a dā shi ne kwafar littafi, domin kafin buga littattafai ya yawaita, ba ka da Risala sai ka rubuta ta, ko ka biya wanda zai rubuta maka. A lokacin takarda tana da tsada ƙwarai, daga ƙasar Italiya take fitowa mai alamar jinjirin wata uku a cikinta, ta biyo ta Tarabulus bisa raƙuma har Kano, fatake su kawo ta yamma. Tawada kuwa shi ke dafa abarsa da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera da ƙaro, ya feƙe alƙalaminsa na gamba. Ya aro littafin malam, ba duka ba, 'yan takardu kaɗan, domin littattafanmu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin tadarishi na fata. Ya kwafe ya mayar, a ba shi na gaba. Bayan lisha ya zauna gaban fitilar aci-balbal, ya bar fili mai faɗi tsakanin layi da layi da kuma gefen takarda, a ƙasan shafi ya rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa don kada takardu su rikice in iska ta watsa su. Filin nan da ya bari shi zai cika a hankali cikin shekaru: ma'anar kalma da ajami a ƙarƙashinta, abin da wani mai sharhi ya ce, abin da malam ya faɗa da baki ran da aka kai wurin, wani lokaci har da saɓanin da ya ji ga malami na biyu. Idan ya kai ƙarshe ya yi hamdala da salati, ya rubuta sunansa, ya roƙa wa kansa da iyayensa da malamansa gafara, galibi ba tare da ya sa shekara ba, abin da ke wahal da masu bincike a yau. Wanda ke son sanin zurfin karatun wani malami na dā, ya duba gefen Muhtasar ɗinsa.

Hutu kuwa akwai shi, ko da yake ba shi da yawa. Daga yammacin Laraba har zuwa bayan sallar Juma'a akan ɗaga darasi, a yi wanki a bakin tafki, a yi aski, a leƙa kasuwa a sayar da hular da aka gama, a gai da 'yan'uwa. Mai hali ya yi ziyara hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu, ko ya tara guzuri ya je na Shehu. Daren Juma'a na Ishiriniya ne, a zauna a rera ta baiti-baiti har dare ya raba, haka ma watan Mauludi. Amma mafi yawan nishaɗinsu a cikin karatun yake: a jefa wa mutum mas'alar gado mai sarƙaƙiya a ce ya raba, ko a kawo baiti daga Maƙamatul Hariri a ce ya yi masa i'irabi, wanda ya kasa a yi masa dariya har mako ya zagayo. Dara ma akan taɓa a ɓoye, domin ba kowane malami ke son ya ga ɗalibinsa durƙushe gaban gurabunta ba. Watan azumi kuwa nasu ne na musamman, a tafi tafsiri a saurari Jalalaini, kowa yana auna ran da shi ma za a ja masa baƙi ya fassara.

Karatun ba shi da ranar gamawa da aka yanka. Malam shi ke duba mutum ya ga ya nuna, sai ya ce masa ya fara karantar da ƙananan littattafai a gabansa, daga baya ya ba shi izini, wani lokaci da baki, wani lokaci a rubuce da sanadi mai ambaton wanda ya ɗauka gare shi da wanda shi ma ya ɗauka gare shi har zuwa mawallafi. Wanda ya sauke tafsiri akan naɗa masa rawani a gaban jama'a. Shaidarsa ita ce sunan malaminsa. Ba zan ɓoye aibin tsarin ba: yana fitar da mai riƙon nassi daram, amma ladabi yakan yi yawa har tambaya ta zama rashin kunya, kuma mutum yakan shekara 20 yana karatu bai taɓa rubuta warƙa ɗaya ta ra'ayinsa ba. Su Malam Abdullahi da Muhammadu Bello, da suka bar littattafai masu yawa, sun nuna cewa ba tilas ne a tsaya nan ba, sai dai waɗanda suka bi sawunsu a wallafa ba su kai yawan waɗanda suka bi su a haddace ba.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, kuma cikin 'yan shekaru aka buɗe wata ƙofa kusa da ta zaure, wato makarantar boko. Misalinta mafi kyau a ƙasar Tambuwal ya faru: a 1933 wani yaro ɗan alƙalin Gumi, wanda ya riga ya fara littattafai ga mahaifinsa, ya shiga makarantar elementare ta Dogondaji, inda ya haɗu da Ibrahim Dasuƙi, jinin Buhari, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1988. Yaron nan shi ne Abubakar Mahmud Gumi. Daga Dogondaji ya tafi Midil ta Sakkwato, ya wuce makarantar shari'a ta Kano ya gama a 1947, ya ƙaro karatu a Bahtar Ruda ta ƙasar Sudan, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. A tafarkinsa an ga abubuwan da zaure bai sani ba: aji, da ƙararrawa, da jarrabawa, da takardar shaida mai hatimin hukuma. Abin ya bi ta ɗaya ɓangaren ma, domin Bature Murray Last ya zo daga Jami'ar Ibadan ya zauna ƙarƙashin Waziri Junaidu yana karanta takardun gidan Waziri, da su ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Daular Sakkwato, wanda aka buga a 1967.

An kafa jami'a a Sakkwato a 1975, aka sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Ɗan Tambuwal ko Kebbe mai neman digiri na biyu ko na uku a yau galibi malamin makaranta ne ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, mai iyali kamar takwaransa na dā, yana hawa motar haya ya tafi ya ga mai duba aikinsa, ya dawo da babi cike da jan biro, ya gyara da dare in akwai wuta ko cajin kwamfuta. An yanka masa wa'adi, amma yajin aiki yakan tsawaita shi, kamar na 2022 da ya ci wata takwas. Hutunsa teburin mai shayi ne da gidan kallon ƙwallo. An ce masa lalle ya zo da sabon abu, kuma wannan sharaɗi ne mai kyau wanda zaure ya rasa. Sai dai sau da yawa yana ambaton littattafai hamsin a kundinsa alhali babu ɗaya da ya karanta daga bango zuwa bango gaban wanda ya san shi. Waɗanda na ga aikinsu ya fi ƙarfi a sashen Larabci da na Hausa da na tarihi su ne masu zuwa jami'a da rana, su durƙusa a zaure da asuba.

Da yawa daga cikin kundayen nan a kan mutanen zaure ake rubuta su, kuma kayan aikin suna cikin gafakokin da ke rataye a ɗakunan gado, gara tana ci, damina tana jiƙawa, magada suna raba littafi ɗaya gida uku. Ina roƙon masu irin waɗannan takardu a Tambuwal da Dogondaji da Kebbe da ƙauyukansu, su bari a ɗauki hotonsu a ajiye a gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato ko a jami'a, asalin ya zauna a hannunsu. In ɗalibi ya yi sallama yana neman ya duba gefen Risalar kakansu, su shimfiɗa masa tabarma su buɗe masa.