Alƙalawa, Birnin Gobir da Ya Faɗi a 1808

Alƙalawa ce hedikwatar Gobir ta ƙarshe kafin jihadi, kufanta kuwa yana nan kusa da Sabon Birni, a kwarin Rima. Sarki Babari ne ya kafa ta a ƙarni na 18, a ƙasar da ya ƙwace daga hannun Zamfarawa. A fadarta Inna, 'yar gidan sarauta, ke shugabantar bori. Rundunar Muhammadu Bello ta ci birnin a Oktoban 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Gobirawa dai ba su miƙa wuya ba. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 suka kafa Tsibiri, wadda yau ke Nijar, sannan Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Turawa sun shata iyaka ne bayan gidan ya riga ya rabu.