Tarihin Babban Filin Wasa na Ikko

A cikin shekarar 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka gama ginin babban filin wasa na ƙasa a unguwar Surulere ta birnin Ikko. Ba a daɗe da fita daga yaƙin basasa ba. Ba don ƙwallon ƙafa kaɗai aka yi shi ba. Akwai fagen tsere, da wurin iyo, da babban zaure na dambe da kokawa.

A watan Janairu 1973 aka yi Wasannin Afirka karo na biyu a cikinsa. A 1977 nan aka buɗe bikin FESTAC. Amma ranar da ba a mantawa ita ce 22 ga Maris 1980, sa'ad da Nijeriya ta ci Aljeriya 3 ba ko ɗaya, ta ɗauki Kofin Afirka karo na farko, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa shi ga Christian Chukwu. Filin ya ga baƙin ciki kuma, gama a nan Samuel Okwaraji ya faɗi ana cikin wasa da Angola a 1989, rai ya yi halinsa. A 2000 Kamaru ta ɗauke kofi a gaban jama'ar Ikko.

To, da aka buɗe sabon fili a Abuja a 2003, sai hankalin hukuma ya koma can. Aka daina kai manyan wasanni Surulere, ciyawa ta mutu, kujeru suka karye, wurin iyo ya shekara da shekaru a lalace. Abokan gaba ba su taɓa shi ba, rashin kula ne ya cinye shi kaɗan kaɗan.

Ku da aka danƙa wa dukiyar jama'a, ga abin lura. Ranar buɗe gini kowa na zuwa da babbar riga, amma ranar yaɓe da gyaran rufi ba kiɗa ba busa. Duk wanda zai fitar da kuɗin gini daga baitulmali, ya rubuta kuɗin gyara na kowace shekara tare da shi, gama tun ran gini ran zane. Allah ya sa mu riƙe amana. Haza wasalam.