Daga Wutar Kara Zuwa Hasken Waya

Karatun taro ba baƙo ba ne a ƙasar Babura. Tun kafin a yanko Jigawa daga Kano a 1991, almajirai kan kewaye wutar kara da daddare, gardi na biya wa kolo, amma ba mai wanke allo sai malam ya ji haddarsa.

Salula ta shigo a 2001, JAMB ta mai da jarrabawarta ta kwamfuta zalla a 2015, sai kuma korona ta sa aka rufe makarantu a Maris 2020. To, nan fa ɗalibai suka koma zaurukan WhatsApp: wannan ya turo tsohuwar tambaya, wancan ya warware ta da murya. Mai warwarewar shi ke ƙaruwa, don sai ya fahimta kafin ya buɗe baki. Mai kwafar amsa kuwa, ko kuskure aka turo haka zai haɗiye, tunda ba malamin da zai tsai da shi.

Yaron ƙauyen Roni ko Gwiwa da ba kuɗin data, ba wurin caji, shi ba a ma yi da shi ba. Da aka koma aji ya tarar an yi masa nisa.